Laouali Wanzan da Kwikwiyo Mai Kunne

Shekara shida ke nan Laouali na riƙe da kaina, ban taɓa jin zafin askarsa ba, sai dai zafin bakinsa. Duk Juma'a da hantsi, kafin a tafi masallaci, mukan taru a ɗakinsa na direba, ɗan tsukukun ɗaki da ke jikin katangar gidan maigidansa a arewacin Riyad, ƙofarsa na kallon titi. Mu takwas ne, wani lokaci goma: masu dakon kayan gwari a kasuwar Aziziya, masu gadi biyu, sai ni, Abduljalil, ɗalibin fiƙihun da ya zo digiri na uku yana neman tsufa a kai. Laouali zai shimfiɗa tabarma, ya hau 'yar kujerarsa, ya buɗe zabira, sannan ya kama wasa aska a jikin fata, fat, fat, fat. Wanda layi ya zo kansa sai ya tuɓe hula ya zauna tsakanin gwiwoyinsa.

"Malam," yakan ce mini yana shafa ƙeyata, "karatun ga naka gashi yake ci. Bara in na zo nan aiki nika yi, bana kau shafawa kawai nika yi don kar ka ji haushi."

Ina jin haushin kuwa. Amma ban fasa zuwa ba, don duk faɗin garin nan babu hannu irin nasa.

Mutumin Tasawa ne, can ƙasar Maraɗi. Kakansa wanzami, ubansa wanzami, shi ma tun yana shekara tara uban ya sa shi kankare ɗanyen duma da aska, in ya yi wa fatar duman ko ƙwarzane ɗaya a miƙo masa wani. Ya ce sai da ya ɓata gonar duma guda kafin a bar shi ya taɓa kan mutum. To, da ya ƙware sai zamani ya yi masa tsiya. Shagunan aski masu inji da madubi suka cika gari, asibiti ya ɗauke kaciya, ƙaho ya rage sai tsofaffi, su kuma tsofaffin kullum raguwa suke. Ya koyi tuƙi, ya yi shekaru tsakanin Maraɗi da Damagaram, daga nan ya samu bizar direban gida ya taho nan, ya bar matarsa Zouera da 'ya'ya a gida. Yau shekararsa goma sha huɗu. A kan iƙamarsa, wato takardar izinin zaman ƙasa, an rubuta direba. A bakinmu kuwa Wanzan ne, kuma askin Juma'ar nan ba ya karɓar komai a kai, in ka matsa ka zo masa da goro ko ganyen shayi.

Ban da askar kanta, mai ƙotar ƙaho wadda hannu ya cinye har ta yi santsi, doka biyu ya gada daga ubansa. Ta farko, askar nan ba ta taɓa komai sai kan ɗan Adam. Ta biyu, duk wanda ya zauna a tabarmar wanzami ba a tashinsa sai an gama masa, ko ɗan sarki ne ko mahaukacin kasuwa. Mun sha jin dokokin nan har mun haddace su.

Abu ɗaya ke cin ransa, bai kuma taɓa ɓoyewa ba. Tun da ya zo ƙasar nan bai yi askin suna ba. "Kan babba ƙwarya ne," in ji shi, "ko kai Malam kana iya kankarewa. Wanzami ga kan jinjiri aka gane shi." Mutanenmu na nan yawanci iyalansu na gida, a waya ake jin haihuwa. 'Ya'yansa biyu na ƙarshe ma wani ya yi musu askin, shi a hoto ya gani, ya kuma ce aikin bai yi kyau ba.

Shi ya sa ranar da Harouna ya zauna a tabarma ya ce, "Wanzan, ka wasa askarka, maiɗakina na da juna biyu," Laouali ya juya ya fuskanci bango, wai kumfar sabulu ta shiga masa ido. Harouna shi ne babbanmu. Yana kula da wani sito na albasa a Aziziya, shekararsa talatin a Riyad, kuma yana cikin 'yan tsirarun da iyalinsu ke nan, don matarsa Balkissa a nan aka haife ta. Shekara goma sha ɗaya suna jiran cikin nan. Mutumin kirki ne, amma a sha'anin tsarki ya wuce littafi. Na taɓa ganin ya sake alwala don kyanwa ta yi atishawa kusa da shi.

Cikin na wata huɗu kwikwiyon ya iso.

Maigidan Laouali tsohon injiniya ne da matarsa ta rasu. 'Yarsa likita ce, Duktura muke ce mata, ita ta sayo wa uban ɗan kare irin na Turawa da ake kira sifaniyal, wai ya riƙa fita da shi tattaki. Ni dai ba na son kare, kuma ba zan yi ƙarya in ce wannan ya sauya mini ra'ayi ba. Abu ne ɗan ƙarami, ruwan zuma, gashi lallausa mai murɗe-murɗe, da kunnuwa biyu da suka fi ƙarfinsa suna reto kamar an rataya masa tsumma. In zai ci abinci kunnuwan su riga shi shiga kwano, in zai sha ruwa su riga shi sha. Aka yi masa ɗaki a lambun gidan, da na'urar sanyi wadda ta fi ta Laouali aiki. Sunansa Lauz, Laouali kuwa Mai Kunne yake ce masa, kuma wata guda cur ko kallonsa bai yi ba.

Ba wanda ya sa shi kula da kwikwiyon. Ina so a san wannan, don daga baya wasu sun ce wai kafilinsa, wato maigidan, shi ne ya tilasta masa. Ƙarya ne, idonsa ne ya ja masa.

Wata Talata motar masu gyaran karnuka ta zo har gida, irin wadda ake kira ta waya. Laouali na wanke mota a gareji yana satar kallo. Ma'aikacin ya ɗora kwikwiyon a tebur, ya kunna inji daidai kunnensa. Kwikwiyo ya kwarma ihu, ya saki fitsari, ya nemi dirowa. Kunnuwan da ma sun cukurkuɗe da romo da ƙurar lambu sun yi dunƙule-dunƙule, mutumin ya sa mataji daga sama ya fizga. Laouali ya ce sau uku yana kau da kai. A na huɗu ya hango jini a gefen kunne, bai san lokacin da ya yar da tiyo ba.

"Kai! Wa ya koya maka riƙon kai?"

Da Hausa ya yi tambayar, mutumin kuwa ɗan wata ƙasa ne can gabas, amma ya gane faɗa ake yi masa. Laouali ya karɓe matajin. Ya sauke kwikwiyon ƙasa, ya sa shi tsakanin gwiwoyinsa yadda yake sa mu, ya dafa ƙeyarsa da tafin hannu yana murza bayan kunnen da babban yatsa, bai yi komai ba sai da rawar jikin ta tsaya. Sannan ya matse gashin kunnen daga tushe da yatsu biyu don kada fata ta ja, ya fara tsefewa daga ƙasa, kaɗan-kaɗan, yana hawa. Inda dunƙule ya gagara ya sa bakin almakashi ya tsaga shi a tsaye. Kafin ya gama kunne na biyu Mai Kunne ya yi barci da haɓarsa a kan ƙafar Laouali. Duktura na tsaye a bakin ƙofa tana kallo. Tun daga ranar kwikwiyon bai sake yarda wani ya taɓa masa kunne ba, motar ma ba a sake kiranta ba.

Bayan mako biyu Laouali ya tare ni an idar da La'asar, ya ja ni gefe.

"Malam, wani abokina na da tambaya."

"Wane abokin?"

"Ba ka san shi ba, mutumin Damagaram ne. Ya ce in mutum ya taɓa kare, ba da son rai nai ba, kamar sau biyu a mako, mi ne ne hukunci?"

Na dubi hannun rigarsa, ga wani dogon gashi ruwan zuma ya maƙale yana sheƙi. Na yi kamar ban gani ba, don da ma na daɗe ina jiran mai yi mini tambaya a garin nan, inda kowane mai kanti yake ganin ya fi ni karatu. Na gyara murya. Na gaya masa a mazhabarmu ta Malikiyya kare mai rai ba najasa ba ne, wasu malamai kuma sun ce yawunsa najasa ne, wasu suka ce duk jikinsa. Na kawo maganar wanke kwano sau bakwai, na shiga batun ajiye kare ba don gadi ko farauta ba, wanda wannan tsakanin maigidan ne da Ubangijinsa. Na yi rabin awa ina zuba. Ya saurara da ladabi har na kai aya, sannan ya ce, "To in ce ma abokin nawa mi?"

"Ka ce masa ya wanke hannu. Kuma ya riƙa kakkaɓe rigarsa."

Laouali ya zaɓi mafi tsanani. Duk ya gama da kwikwiyon sai ya wanke hannu sau bakwai, na farko da ƙasa. Matsalar ita ce gidan duk tayil ne da ciyawar roba, don haka ya riƙa ɗibar ƙasa daga tukunyar furen yasmin da ke bakin gareji, har saiwar ta fito fili furen ya bushe. Duktura ta yi ta zargin ruwan famfo.

Ya tafi kasuwar Dira ya sayo almakashi na daban, mataji na daban, auduga da tawul, ya zuba a wata jaka ya rataye a gareji, nesa da zabirar ubansa. Ya ware tsohuwar jallabiya da tsohuwar tabarma. Litinin da Alhamis ne ranakun Mai Kunne. Ruwan famfon Riyad da rani yana iya dafa ƙwai, don haka tun da safe yake tara ruwan wankan ya ajiye a inuwa, ya gwada da gwiwar hannu kamar ungozoma. Ya toshe kunnuwan da auduga kada ruwa ya shiga, ya yi masa wanka, ya tsane shi da tawul, don ya rantse injin busarwa ba zai sake kusantarsa ba. Ya ɗaga kowane kunne ya goge ciki, ya shinshina, wai kunne in ya fara wari ciwo ne ke sallama. Ya rage gashin da ke tsakanin yatsun ƙafa don kada ya riƙa zamewa a tayil, ya datse bakin farata kaɗan, bai taɓa kai wa tsoka ba. Maganar kunne cikin kwano kuwa, sai ya yanke ƙasan safa ya zura masa a kai lokacin cin abinci, kunnuwan suka koma baya, ya fito kamar tsohuwa ta ɗaura kallabi za ta gidan biki.

Da zafi ya tsananta Duktura ta ce a aske shi tas ya huta. Laouali ya ƙi. Da Larabcinsa na direba ya ce mata gashin nan rigarsa ce, in an cire rana za ta ƙona shi, ragewa ake yi ba tuɓewa ba. Likita guda ta bi maganar direba.

Kuskure ɗaya ya yi, kuma ba mai yinsa sai wanzami. Hannunsa bai iya fara aiki bai wasa wani abu ba. Almakashi ba ya bukatar fata, amma duk ya shimfiɗa wa Mai Kunne tabarma sai ya ɗauko tsohon bel ya buga almakashin a kai, fat, fat, fat. Wata huɗu kwikwiyon na jin wannan ƙara, yana zuwa da gudu, ana gama masa a ba shi ɗan busasshen nama.

Wata Juma'a da asuba Balkissa ta haihu, namiji. Harouna daga asibiti ɗakin Laouali ya zarce da kwalin dabino, idanunsa jajur don rashin barci, bakinsa ya ƙi rufuwa. Muka yi ta barka, aka ce yau ba layi, angon ƙarni ne farko. Ya tuɓe hula ya zauna, aka shafa sabulu, Laouali ya aske gefen dama tas. Sai ya tsaya ya sake wasa askar don ya kama hagu. Fat, fat, fat.

Ashe masu kawo tukunyar gas sun bar ƙofar gidan a buɗe.

Abin da na fara ji shi ne ƙarar farata a kan tayil, sai ga abu ruwan zuma ya faɗo ɗaki, kunnuwa na tashi sama. Ɗaki ya hargitse. Issoufou, ƙaton da ke ɗaukar buhun dankali biyu a kafaɗa, ya ɗare kan firji. Masu gadin nan biyu, waɗanda aikinsu tsare gidajen mutane ne, suka maƙale a ƙofa kowa na son riga fita. Ni kuwa, da duk Malikiyyata, na tsinci kaina tsaye a kan gadon Laouali na tattare riga har gwiwa.

Mai Kunne bai kula kowa ba. Matajinsa ne a bakinsa, ya ɗauko daga gareji. Ya ratsa tsakiyar ɗaki, ya kutsa tsakanin bayan Harouna da gwiwoyin Laouali, ya ajiye matajin a tabarma, ya zauna. Ya sunkuyar da kai, ya karkato kunnen dama, ya tsaya cik yana jira. Mu da muka shekara shida muna zaman nan ba mu iya shi kamar haka ba.

Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Harouna ya miƙe a hankali, rabin kansa na ƙyalli, rabi na ɗigar kumfa.

"Wanzan. Karen ga ya san aikin ga."

Ya nuna askar da ke hannun Laouali.

"Da askar ga kake mishi?"

"Wallahi, Alhaji, askar ga ba ta taɓa shi ba. Kayanshi daban, tabarmarshi daban. Tambayi Malam."

Duk suka ɗago suka dube ni a kan gado. Na buɗe baki zan fara daga Malikiyya, Harouna ya ɗaga mini hannu.

"Hannun fa? Shi ma daban ne?" Ya ɗauki hularsa ya kifa a kan kumfar. "Shekara goma sha ɗaya nika roƙon Allah yaron ga. Ɗana ba shi bin bayan kare a layi."

Ya fita, ya bar dabinon. Issoufou daga kan firji ya ce, "To kore shi mana, Wanzan!"

Laouali ya dubi kwikwiyon, wanda har yanzu kansa na sunkuye, wutsiya kawai ke share tabarma. Ya daɗe yana kallonsa. Sannan ya ce, "Ya zauna."

Ya goge askar ubansa ya naɗe ya mayar zabira, ya rataye ta can sama. Ya fita ya dawo cikin tsohuwar jallabiya da jakar gareji, ya zauna a gabanmu ya yi wa kare gyara tun daga kunne har ƙafa, bai tsallake komai ba, bai kuma yi sauri ba. Issoufou ya zaro waya yana ɗauka don a ga abin kunya, kafin a yi kiran sallah bidiyon ya zagaye duk 'yan Nijar da 'yan Najeriyar Riyad. Ni na sauko daga gado na sulale ba sallama, da gashina a kaina. Har yau in na tuna sai in ji kunya.

Sai Talata na iya komawa. Na same shi zaune a bakin gareji, ya rame a kwana huɗu. Ya ce Zouera ma ta gani a Tasawa, ta bugo tana tambaya ko lafiyarsa ƙalau. Ya ce ya ji Harouna ya shirya Issoufou zai yi wa jaririn aski da inji. Can ya miƙo hannunsa na dama yana juya shi.

"Malam, in gaya maka abin da ban gaya ma kowa ba? Ranar da Alhaji ya ce in wasa aska, murna na yi, amma da na koma ɗaki tsoro ya kama ni. Shekara goma sha huɗu sitiyari nika riƙo, sai kawunanku masu taurin tsiya. Na ce hannun ga ya manta ƙaramin kai. Kai mai laushi, mai motsi, wanda ba shi jin a ce mishi tsaya. Ranar da na kama kunnen abin ga, sai na ji hannun ya tuna." Ya yi 'yar dariya mara daɗi. "Ya tuna, ga shi kuma ba kan da za a ba shi."



Laraba Harouna ya kira ni gidansa, wai akwai mas'ala. Na same shi a falo da hula ta rufe har kunnuwa. Bai taɓa yarda inji ya hau kansa ba, wai yana fesa masa ƙuraje, don haka tun Juma'a yake yawo da rabin aski, har barci da hula yake yi. Ya ce in yi wa maiɗakinsa nasiha, ta kafe. Kafin in ce wani abu murya ta fito daga bayan labule, Hausa rabi Larabci rabi.

"Malam, sannu da zuwa. Bidiyon nan na kalle shi ya fi sau ashirin. Abu ne da ba ya zama wuri ɗaya, almakashi na zagaya idonsa, yana shiga tsakanin yatsunsa, ko motsi bai yi ba, har barci ya yi. Ni ban san mazhaba ba. Amma na san kan ɗana. Ka ga maɗigarsa yadda take bugawa? A nan za a ɗora injin Issoufou, mutumin da ya hau firji? La wallah."

"Hannun da ya taɓa kare..." in ji Harouna.

"Kai naka hannun shekara talatin albasa yake taɓawa, har ruɓaɓɓiya. Na hana ka ɗaukar ɗanka? Cewa na yi ka wanke."

Harouna ya juyo gare ni yana neman agaji. Ina da bayanin rabin awa a shirye, da sunayen littattafai. Na haɗiye shi. Na ce, "Alhaji, ruwa yana wanke hannu. Amma ba ya koya wa hannu aiki."

Ya daɗe yana sosa kai ta saman hula. Daga ƙarshe ya ce ya yarda, da sharaɗi: wanki bakwai a gaban shaidu, kuma shi zai kawo ƙasar da kansa.

Ranar suna aka kama wani gidan taro a bayan gari, aka yanka rago, aka raɗa wa yaro suna Mahamadu. Harouna ya zo da ƙasa cikin gwangwanin madara, wai daga bayan masallaci ya ɗebo. Ya tsaya a kan Laouali yana ƙirgawa da ƙarfi, da aka kai bakwai ya ce bai ga na huɗu da kyau ba, aka ƙara ɗaya. Laouali bai yi musu ba. Aka shimfiɗa sabuwar tabarma, wata dattijuwa ta fito da jaririn daga ɓangaren mata yana tsala kuka, ta zauna ta riƙe shi.

Ina kusa lokacin da Laouali yake kwance zabira. Ya wasa askar, ya ajiye ta. Sai ya sa tafin hannu ya tallabi ƙeyar yaron, yana murza bayan ɗan kunnen da babban yatsa, bai yi komai ba, yana jira. Duk wanda ke wurin ya kalli bidiyon nan, duk mun gane riƙon, kuma babu wanda ya ce uffan. Kukan ya ragu, ya koma ajiyar zuciya, ya ɗauke. Laouali ya yi bisimilla ya ɗora aska. Ya bi gefe, ya bi ƙeya, ya zagaye maɗiga a hankali har na manta ban yi numfashi ba. Kafin ya gama Mahamadu ya yi barci, kai fes, ko ɗigon ja babu. Ya tattara gashin a farar takarda ya miƙa a kai wa uwar. Daga ɓangaren mata aka rangaɗa guɗa. Wannan karon bai ce sabulu ba ne, hawaye ya bari suka zubo har gemu. Ni ma daɗi ya kama ni, irin wanda ban ji ba tun da na zo ƙasar nan.

Yana shirin naɗe aska sai ga Harouna ya tako ya zauna a tabarmar. Ya tuɓe hula. Jama'a suka kwashe da dariya, don gefe ɗaya ya yi tsiro kamar sabuwar shuka, ɗayan kuwa daji ne.

"Na zauna," in ji shi, bai dubi kowa ba.

Laouali ya ƙarasa aikin da ya bari mako guda. Bayan an ci an sha aka kawo masa kason wanzami na naman suna a leda. Ya yi godiya zai tafi, Harouna ya ce ya dakata. Ya koma inda aka feɗe ragon ya daɗe yana tone-tone, ya dawo da wani ƙaton ƙashin cinya da sauran nama a jiki, ya riƙo shi da yatsu biyu nesa da rigarsa, ya jefa cikin ledar.

"Ka kai mishi," ya ce. "Amma ka gaya mishi Juma'a ba ranarshi ba ce, kuma in ya zo ya bi layi."